Ƙofar Injiniya Mas'udu

A Sabon Garin Gusau, bayan layin masu katifa, akwai makarantar koyon kwamfuta ta Alhaji Tambaya. Shi Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo mai tsohuwar tarbiyya. Ko ƙofar ɗan cikinsa ya je, sai ya tsaya ya yi sallama. In ya yi sau uku ba a amsa ba, ya juya abinsa, maganar da ta kawo shi kuwa ta bi ruwa ke nan.

Kwamfutocin makarantar tsofaffi ne, baƙin allo da farin rubutu, ba hoto ba kiɗa, kuma duk an jona su da wata babba da ke ofishin Alhaji. Da yake Alhaji ya kafa doka kowa ya bar wayarsa cikin ƙwarya a bakin ƙofa, sai malamai suka koma aika wa juna saƙo ta allo. Mutum na cikin aikinsa sai na'ura ta yi ɗan kuka, layi ya faɗo tsakiyar rubutunsa: "Dambu ya iso." Ko kuma: "Hadari ya taso, a shigo da babura." Alhaji ma ya koya. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kuma ba ya wuce sallama sai an amsa masa.

Malamai uku ne. Akwai Malama Hauwa'u, wadda ba ta da yawan magana. Akwai Mannir, wanda ba ya da yawan aiki, amma saƙo bai taɓa yin sanyi a allonsa ba, don kullum zatonsa labarin abinci ne. Sai Mas'udu ɗan Bungudu, wanda ake kira Injiniya. Ba wata makaranta da ta ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma yanka ragon sunan da baki.

Ranar da Alhaji ya ce zai buɗe reshe a Tsafe, kuma cikin malamansa zai ɗauki shugaba, Malama Hauwa'u ta roƙi a bar ta a Gusau kusa da 'ya'yanta. Saura biyu. Alhaji ya ce ranar yaye ɗalibai kowannensu zai ba da darasi gaban iyaye, daga nan a ji wanda aka zaɓa.

Mas'udu bai jira ranar ba. Da yammacin nan yana isa Bungudu, tun kafin ya kashe babur, ya gaya wa majalisarsu cewa an ba shi Tsafe, sanarwa kawai ta rage. Ya gayyaci kawunsa, Malam Bashar, ya zo ya ga yadda ake ɗaukaka mutum.

Washegari yana tsara jawabin da zai girgiza iyaye da shi, ya kai tsakiyar wata jimla mai nauyi, sai saƙon Mannir ya faɗo ya raba ta biyu: "Injiniya, in ka zama shugaba ka tafi da ni, in riƙa ɗanɗana maka abinci."

Mas'udu ya yi tsaki. Ya buɗe bayanin da ke cikin na'ura, ya karanta layukan farko, sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe ya tafa hannu.

"Jama'a, ku saurara. Kun taɓa ganin babban mutum wanda kowa ke faɗo masa ɗaki ba izini?"

"Mun ga wanda ba ya da ɗakin ma," in ji Mannir.

"Daga yau na sa ƙofa." Ya ɗaga yatsa sama, ya sauko da shi a hankali kamar mai sa hannu a takardar sulhu, ya buga wa na'ura umarnin mesg n. "Kalma ɗaya da harafi ɗaya. Mannir, gwada."

Mannir ya gwada. Na'ura ta mayar masa da amsa cewa mutumin nan ya rufe karɓar saƙo.

"Sake gwadawa."

Ya sake. Amsar ba ta canza ba.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," in ji Mas'udu. "Nawa bangon siminti ne. Ku yi ta kewaya."

Malama Hauwa'u ta ɗago kai daga aikinta. "Alhaji fa, Malam Mas'udu?"

"Saƙon mai gida ba ya tsayawa a ƙofa. Na'ura ta san mai ita. Na karanta."

"Ka karanta har ƙarshe?"

"Malama, ɗalibi ke karantawa har ƙarshe. Injiniya ƙanshin abu kawai yake ji."

Ta ce, "To," ta koma aikinta.

Daga ranar, kowace safiya sai ya jira kowa ya zauna, sannan ya ɗaga yatsa ya sake buga kalmar nan. Shi a ransa ado ne kawai, ƙofar ta riga ta zauna a kan sunansa har abada. Bai san cewa maimaitawar nan ce kaɗai ke riƙe da ita ba, kuma allon da aka buga a kansa kawai take rufewa.

Hantsi na yi, Inna Kulu mai dambu ta sauke robarta a ƙofar makaranta. Allon kowa ya yi kuka, ban da na mutum ɗaya. Kowa ya sulale waje. Mas'udu ya ga ɗakin ya yi tsit, ya ce a ransa kwarjini ya fara aiki. Sai da ƙanshin man gyaɗa da zogale ya zo ya taɓa masa hanci ya fita da sauri, ya tarar Inna Kulu na kankare gindin roba.

"Inna, ina nawa?"

"Naka? An ce mini ka rufe ƙofa. Na ce to, wanga yaro azumi ya ɗauka, Allah shi karɓa."

"Ba wannan ƙofar ba!"

"Ni ƙofa ɗaya na sani, ɗana. Wadda abinci ke shiga."

Mannir na gefe yana suɗe yatsu. Mas'udu ya gyara hula ya ce dama cikakken ciki ba ya tunani. Cikin nasa ya amsa da ƙarfi, har masu katifa suka waiwayo.

Ana gobe jajibirin taro ya karɓo babbar rigarsa daga wurin mai wanki da guga, farar shadda ta sha sitaci har tana iya tsayuwa da kanta. Ya ɗaure ta cikin leda a bayan babur, gindin dalbejiya. Can da rana Mannir ya hango wani abu ta taga, ya buga saƙo, na'ura ta mayar masa. Ya sake bugawa, ta sake mayarwa. Ya juyo ya buɗe baki.

Mas'udu ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. "Wanda na hana ta allo, ban buɗe masa ta baki ba."

"To, shi ke nan," in ji Mannir, ya gyara kujera don ya fi ganin taga da kyau.

Akuyar masu katifa ce. Ta yaga leda, ta ɗanɗana sitaci, ta ga ya yi mata. Kafin Mas'udu ya fito alwalar azahar, ta gama da bakin hannun hagu, tana tsaye tana tuƙa, tana dubansa kamar shi ne baƙo. Ya bi ta da takalmi har cikin shagon katifa, ya yi tuntuɓe ya faɗa kan wata sabuwa.

"Ka kwanta da kyau, Injiniya," in ji mai shago. "Gwaji kyauta ne."

Ya dawo yana haki, ya ɗaga rigar ya duba. Ya ce ai babbar riga naɗe hannunta ake yi bisa kafaɗa, ba wanda zai gani. Ya ce manyan mutane ma da gangan suke rage tsawon hannu.

Jajibiri kuwa man janareta ya yi ƙasa. Saƙo ya zaga: "Za a kashe inji, kowa ya adana aikinsa." Kowa ya adana. Mas'udu na kan shafi na ƙarshe na jawabinsa, wanda bai adana ko layi ɗaya ba tun safe, yana karantawa a hankali yana jinjina wa kansa kai. Allo ya yi ɗif.

Ya daɗe yana kallon fuskarsa a baƙin gilashi.

"Wa ya kashe inji bai faɗa ba?"

"An faɗa," in ji Mannir. "Bango ne bai tsage ba."

Ita dai ƙofar ta zama abin wasa. Mannir ya gano cewa babu abin da ya kai zagin rufaffiyar ƙofa daɗi: ka faɗi son ranka, na'ura ta dawo maka da kayanka, ba wanda ya ji. Ɗalibai suka koya daga wurinsa. Duk wanda aikin gida ya dame shi, ko zafi ya ishe shi, sai ya sunkuya ya jefi ƙofar Injiniya, ya ji sanyi. Mas'udu na jin ƙyalƙyalarsu, ya san da shi ake, abin kuma daɗi yake masa.

Malama Hauwa'u ta same shi yana tattara kaya. "Malam Mas'udu, da ka buɗe ko na yini ɗaya. Ba kowane mai ƙwanƙwasa ƙofa ne ɗan wasa ba."

"Ko wane ne, ya jira."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar taro aka cika babban aji. Ɗalibai kowa gaban kwamfutarsa, iyaye a kan kujerun haya a gefe, Alhaji Tambaya a layin gaba gaban tasa na'urar, tabarau a kan hanci. Kawu Bashar ya zo daga Bungudu da mutum huɗu na majalisa, duk sun sha rawani da turare. Inna Kulu ta tsaya bakin ƙofa da robarta, ta ce ita ma tana da ɗa a ciki. An jona kwamfutar malami da majigi, duk abin da ke allonta yana fitowa manya-manya a farin bango.

Mannir ya fara. Ya nuna yadda ake kunna kwamfuta, ya nuna yadda ake kashe ta, ya ce Allah ya sa mu dace. Wasu iyayen ba su gama gyara zama ba ya koma kujerarsa.

Mas'udu ya taso, shadda na ƙara, kafaɗar hagu a ƙage kamar mai ɗauke da ƙwai. Da safe ya riga ya rufe ƙofarsa a teburinsa na can ɗakin malamai. Yanzu ya shiga kwamfutar malami da sunansa, ya juya mata baya, ya fuskanci jama'a. Jawabi ya tafi da janareta, amma yana da abin da ya fi jawabi.

"Iyayena, a zamanin nan ilimi ba buɗewa ba ne. Kowa ya iya buɗewa. Ilimi rufewa ne! Ni da kuke gani, na gina wa sunana katanga. Duk inda na zauna, tana biye da ni. Ɗalibai, malamai, na ba ku izini: duk abin da ke ranku game da ni, ku rubuto yanzu. Kada ku rage komai. Na yafe tun kafin ku fara, don ko harafi ɗaya ba zai shigo ba."

Kawuna suka sunkuya gaba ɗaya. Hannuwa sun riga sun saba. Aka ji madannan kwamfutoci na ƙara kamar ruwan farko a kan kwano. Alhaji ma ya gyara tabarau, ya fara neman harafi da yatsansa ɗaya.

Na'urar malami ta yi kuka. Ta sake. Ta ci gaba kamar 'yan tsaki.

"Kun ji?" in ji Mas'udu, bai waiwaya ba. "Ƙarar saƙonni ke nan suna karo da katanga."

Wata uwa ta rufe baki da mayafi. Wani uba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ɗalibai suka ɗago suka ga bango, suka dubi juna, suka tuna an yafe musu, suka sake sunkuyawa. Mas'udu ya ga dariya ta kama ɗaki, ya ce a ransa ashe ma gara da jawabin ya ɓace.

Kawu Bashar ya yi karatun yaƙi da jahilci a zamaninsa, kuma ba ya ganin rubutu ya ƙyale. Ya miƙe, ya kare ido da hannu, ya fara haɗa baƙi da ƙarfi.

"In-ji-ni-yan... da a-ku-ya... ta yi wa... ɗin-ki."

"Kawu, mi kake karantawa?"

"Tsaya, akwai saura. Ma-lam... da-ra-sin ji-ya... kai ma... ba ka ga-ne ba." Ya juya wurin 'yan majalisa. "Kirari ne na 'yan boko?"

"Karanta na ƙasa, Malam Bashar," in ji ɗaya.

"A du-bi... han-nun ha-gu. Sai wani kuma, wanga gajere ne. Ma-lam Mas-'u-du... ka wai-wa-ya."

Na Malama Hauwa'u ke nan. Mas'udu ya waiwaya.

Bango ya cika daga sama har ƙasa, layi na tura layi, kowanne da sunan mai shi. Ya yi tsalle ya tsaya gaban majigi don ya tare hasken. Rubutun ya bar bango ya dawo kan farar shaddarsa, ya zauna daram a ƙirjinsa, ya ma fi fitowa. Wani sabon layi ya hau cikinsa: "Malam ka tsaya haka, an fi gani."

Ya buɗe hannuwa biyu don ya rufe abin gaba ɗaya. Naɗin kafaɗar hagu ya warware, hannun riga ya zubo har ƙasa, bakinsa duk haƙoran akuya.

"Ikon Allah," in ji Inna Kulu daga ƙofa. "Wanga sabon aiki ne? Wane tela?"

"Telar na nan gindin dalbejiya, Inna," in ji Mannir. "Ba ta karɓar awo."

Ɗaki ya ɓarke. 'Yan majalisar Bungudu suka riƙe rawunansu. Mas'udu ya faɗa kan madannai. Ya buga kalmar ba daidai ba, na'ura ta ce ba ta gane ba. Ya sake, ya sa harafin buɗewa maimakon na rufewa. Saƙonni suka ci gaba da zuba. A karo na gaba ya cije leɓe, ya buga mesg n daidai.

Kukan na'ura ya tsaya. Bango ya tsaya cik.

Ya share gumi da hannun rigar da ya rage, ya juyo. "Kun gani? Da gangan na bari ku ga bambanci. Wancan buɗe, wannan rufe. Yanzu ko aljani..."

Duk wannan hayaniya Alhaji Tambaya bai ɗago kai ba. Yana can yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, sai yanzu ya kammala, ya danna. Ya kai fuska kusa da allo ya karanta amsar da aka mayar masa. Ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa aljihu.

"Ta uku ke nan," ya ce.

Mas'udu ya matso kusa da shi.

"Alhaji?"

"Ranar da akuya ta ci rigarka na yi maka sallama, aka ce ka rufe. Jiya na sake, aka ce ka rufe. So na yi in ce ka fara shirya kayanka tun kafin taro, don kai na yi niyyar aikawa Tsafe. Surutu gare ka, amma kana zama wurin aiki. Na ce to, bari in cika ta uku gaban jama'a."

"Alhaji, ai saƙonka ba ya tsayawa! Kai ne mai na'ura! Akwai hanyar mai gida, na karanta!"

"An nuna mini ita. Na ce a ba ni suna irin na kowa. Ni ban taɓa shiga gidan mutum ta katanga ba, ko da ni na gina shi."

"Bari in buɗe yanzu! Harafi ɗaya ne!"

"Buɗe abinka, ɗana. Sallama uku ce."

Alhaji ya mayar da tabarau, ya sake sunkuyawa. Aka zauna ana sauraron yatsa ɗaya yana tafiya, ƙwas, shiru, ƙwas. Mas'udu na tsaye da hannun riga a ƙasa. Can daga layin baya wata na'ura ta yi kuka.

"Wa alaikumus salam, Alhaji!" Mannir ya amsa da baki da yatsu lokaci guda, har yana ture kujera. "An kawo ne?"

"Ba abinci ba ne. Tsafe ce."

"Ni? Alhaji, kunnawa da kashewa fa kawai na nuna."

"Na gani. Sauran ka koya. Ni ina Gusau, reshe na Tsafe. Wanda in na kira zai amsa nake nema."

Kawu Bashar ya tattara rigarsa, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa sama da ƙasa. "To, Mas'udu, mu dai mun ga ɗaukaka. Har bisa bango."

Alhaji bai kore shi ba. Ya ce tunda Allah ya ba shi basirar ƙofa, ba za a bar ta ta lalace ba. Ban da darasinsa na safe, aka ajiye masa kujera a zauren makaranta kusa da ƙwaryar wayoyi, ya riƙa amsa sallamar masu shigowa.

Yana nan har yau. Mutum bai gama "salamu" ba ya amsa masa, wani lokaci har mai wucewa kawai yake amsa wa. Shi ke fara ganin Inna Kulu, ya kuma murmure. A majalisar Bungudu ya bayyana cewa shi ya ƙi Tsafe, don an ba shi abin da ya fi ta: duk mai shiga da fita a makarantar nan sai ta hannunsa, har Alhaji.

"Awo," in ji Kawu Bashar. "Akuya fa?"

Mas'udu ya ce ana magana ta ilimi.

Ita kuwa akuyar, kullum da hantsi takan zo ta tsaya bakin zaure, tana tuƙa, tana auna sabuwar rigarsa da ido. Duk Sabon Gari ita kaɗai ke shigo masa ba sallama.